Jan Akushin Sitti

Duk wanda ya ji na zauna a Makka sai ya washe baki ya ce, "Kai, Hajiya Sa'ade, ke kam kin more!" Ni kuwa sai in ce alhamdu lillahi, in ja bakina in yi shiru. To me zan ce? In na ce Makkar da na sani ba ta wuce ɗakuna da kicin da taga mai ƙarfe a saman wani bene a Aziziyya ba, sai a ce na yi butulci. Hajiyar ma da ake liƙa mini, ban hau Arfa ba. Ta taga na ga alhazai suna wucewa.

Wani dillali ne a Kano ya yi mana daɗin baki, ni da wasu mata. Wai otel ne daf da Harami, tuwo kawai za mu riƙa tuƙa wa alhazan Najeriya, in an kira salla mu wanke hannu mu tafi. Ni mijina ya rasu ya bar ni da yara, kuma tuƙin tuwo ai ba a gaya mini shi. Da muka sauka Jidda sai aka kwashe mu zuwa wani ofis, aka karɓe fasfo, aka jera mu a benci. Babu otel, babu tuwo, lambar dillali kuma ta daina shiga. Wani mutum mai farar jallabiya ya zo ya tsaya a kaina, bai dubi fuskata ba, damatsana ya duba. Ya sa aka tambaye ni ko zan iya ɗaukar mutum. Na ce na ɗauki buhun gero ma. Ya karɓi fasfona ya zura a aljihun gaba, kuma tun daga Jidda har Makka aljihun nan nake kallo. Sunansa Abu Faisal.

Mutumin da zan ɗauka uwarsa ce. Kowa Sitti yake ce mata, wato kaka. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, fara sol, idanunta 'yan sirara, ba ta yi kama da Larabawan da na gani a hanya ba. Ƙafafunta sun mutu, ganinta kuma saura inuwa. Ni zan ɗaga ta, in yi mata wanka, in ba ta abinci a baki, in juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Abu Faisal da matarsa suna hawan ƙasa. In ya leƙo ya gai da uwarsa daga bakin ƙofa, sai ya fita ya murza makulli ta waje. Ranar farko na ɗauka mantuwa ya yi, har na buga masa ƙofa. Ashe haka tsarin gidan yake.

Larabcin farko da na koya kalma uku ne: moya, ruwa ke nan, yalla, yi maza, sai bukra, wato gobe. Ta ukun ce ta fi cin raina daga baya.

A ɗakin Sitti akwai wata durowa mai ƙofar gilashi, a cikinta kuma wani abu zagayayye mai murfi, ja wur, girman akushin tuwon maigida. Ni dai tun ranar na raɗa masa jan akushi. A bayansa akwai ɗan kofi. Washegarin zuwana Sitti ta kama hannuna ta nuna wajen, ta ce, "Moya. Zamzam. Kulli yom." Na gane: kullum da safe in zuba Zamzam a kofin nan. Na zuba. Da na juya zan rufe durowar sai na ga ruwan a buɗe. Haba! Zamzam guda a bar shi haka, ƙura ta faɗa, ƙwaro ya faɗa, ya kwana baki buɗe? Mu a gidanmu ko ruwan randa yarinya ta bari a buɗe sai ta sha ranƙwashi. Na ce a raina, wadda ta yi aikin nan kafin ni ƙazama ce. Na samo ɗan farantin shayi na kife a kai. Kullum da safe in shanye na jiya da bisimilla, in zuba sabo, in rufe abina.

Mutum ɗaya ce daga waje ake buɗe wa ƙofar nan: Yaya Barira, mai zuwa ranar Juma'a ta sa wa Sitti lalle ta kawo turaren wuta. Ranar da na fara ganinta na gaishe ta da guntun Larabcina, sai ta dube ni ta ce, "Ke, yi mini Hausa, ya shekha, kada ki karya harshenki." Wallahi sai da na zauna a ƙasa. A Makka aka haife ta, kakanninta ta Sudan suka biyo da ƙafa, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma tana zuwa mini da yaji da daddawa a ƙulle cikin mayafi. Hausarta rabi Larabci ce, in ta yi nisa sai na ce, "Yaya, dawo gida."

Ranar Juma'ar ce kuma Sitti take cewa a miƙo mata jan akushi. Sai ta ɗora shi a cinya ta riƙa bin sa da yatsu. Wata rana na ce wa Yaya Barira ta tambayar mini, wane irin itace ne wannan mai ja har ciki? Sitti ta yi dariya har da tari.

"Ta ce ba itace ba ne," in ji Yaya Barira. "Itacen yana can ciki, siriri. Duk jan nan ƙaro ne."

"Ƙaro? Irin na tawada?"

"Usburi mana, ki bari ta gama."

Sitti ta yi ta bayani, Yaya Barira tana juya mini. Wai a ƙasar Sin akwai wata bishiya da ake tsaga jikinta a tari ruwan da take zubarwa. Ɗanyensa mugu ne, in ya taɓa fata sai ta kumbura ta yi ƙuraje. Sai a tace shi, a kwaɓa da garin wani jan dutse, a shafa a jikin itacen, shafi siriri kamar fatar albasa. A jira ya kama, a goge, a sake shafawa. Shafi kan shafi, shekara ta zagayo ana abu ɗaya, har ya yi kaurin da wuƙa za ta samu abin ci. Can ƙasa kuma sukan sa shafi ɗaya baƙi, don in mai sassaƙa ya kai nan ya san ya isa, kada ya huda zuwa itace. Kuma ba a bari ya gama taurara kafin a sassaƙa, sai yana da ɗan taushi. In wuƙa ta zame, shi ke nan, babu ciko.

Na ce, "Tirƙashi! Mu kakata ƙwarya take zanawa da wuƙa mai zafi, kafin la'asar ta gama uku."

Sitti ta kamo yatsana ta ɗora a murfin. Ta bi da ni kan wasu manyan furanni masu ganye a kan ganye, da tsuntsaye biyu masu dogon bindi. Sannan ta tura farcena cikin ramin da ke tsakaninsu. Ashe ƙasan ma ba a bar shi haka ba, an cike shi da zane ƙanana ƙanana. Ta ce wannan mai lanƙwasa ruwa ne, wannan mai tsawo sama ce, wannan mai gida-gida ƙasa ce. A gefen akushin kuwa wuƙar ta shiga a karkace, sai ga layin ja da baƙi suna bin juna kamar bakin zanen saƙi. Ni da nake da ido ban taɓa lura ba sai da makauniya ta nuna mini.

Akushin na uwar babanta ne. Babanta ya taso daga ƙasar Sin yana saurayi don ya yi hajji, uwarsa ta ba shi akushin ta ce in guzuri ya ƙare ya sayar ya komo gida. Yaƙi ya rufe hanya. Ya zauna, ya yi aure, ya tsufa, aka binne shi a Makka. Bai sayar ba, bai kuma koma ba. Da Yaya Barira ta faɗi wannan, sai na tuna fasfona da ke hannun Abu Faisal.

A wannan zaman ne Sitti ta tambayi 'ya'yana. Na lissafa mata su da sunayensu, na tsallake ta farin, na ce "sai babbar, tana gidan miji." Ta ce sunanta fa? Na sunkuyar da kai. Yaya Barira ta yi mata bayani cewa mu ba ma kama sunan ɗan fari, kunya ce. Sitti ta riƙe baki, wai yanzu 'yar da na haifa da cikina ban taɓa kiran sunanta ba? Na ce ko sau ɗaya. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", kuma tana amsawa.

To ita wannan babbar ce ta aiko mini da saƙon murya a shekarata ta biyu. Ta yi ta kewaye-kewaye, gaisuwa kan gaisuwa, sai a ƙarshe ƙanwar mijinta ta karɓe wayar ta ce, "Inna, ki fara tanadin kanwa." Ciki ne. Na farko.

Duk macen Hausa ta san abin da wannan yake nufi. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Gida za ta dawo, ni zan tafasa ruwa safe da yamma, in tsoma ganyen darbejiya in fyaɗa mata a jiki har ta yi arba'in, in dama mata kunun kanwa, in gasa mata nama. Uwata ta yi mini, tata uwar ta yi mata. Ban yi wa yarinyar nan gatan komai ba a duniya, ko sunanta ban kira ba. Wannan wankan shi ne abin da nake da shi.

Na lissafa da yatsu, na ga wa'adin aikina zai cika kafin watanta. Na tare Abu Faisal a bakin ƙofa na gaya masa da Larabcina mai ɗingishi. Ya ce, "Bukra, in sha Allah." Bayan azumi na sake tare shi. Bukra. Da watan hajji ya kama ya ce yanzu ofisoshi sun cika, sai alhazai sun watse. Wa'adina ya cika ya wuce, ina nan ina juya tsohuwa.

Lokacin hajji Aziziyya ba ta da masakar tsinke. Motocin Mina suna jere a ƙarƙashin tagata, kuma benen da ke kallonmu alhazanmu aka sauke a ciki. Ina jin su. Wata tana cewa, "Ke Hajiya Ladi, kin ɗauko butar?" Wani yana cinikin lema da Hausa tsantsa, shi da mai kanti ba mai jin wani. Na manna fuskata a ƙarfen taga na ƙwala sallama har muryata ta dushe. Wata tsohuwa ta ɗaga kai, ta kare ido da hannu, ta ɗaga mini hannu, sannan aka tura ta cikin mota. Ranar na yi kuka na ƙoshi, na wanke fuska na je na ba Sitti maganinta.

Juma'ar da ta biyo bayan watsewar alhazai, na miƙa wa Sitti akushinta kamar kullum. Yatsunta suka bi furen farko, suka bi na biyu, sai suka tsaya. Ta koma baya. Ta sake bi. Sai ta ƙwala ihun da ban san tana da ƙarfinsa ba. Na leƙa, sai ga tsaga siririya ta ratsa bindin tsuntsu ɗaya har gefen murfi, wani wuri ma jan ya ɗago kamar ɓawon gyambo.

Na rantse da Allah ban taɓa yar da shi ba. Abu Faisal ya hawo a guje, ya duba, ya buɗe durowar, ya zura hannu baya. Sai ya fito da kofin, da ɗan farantina a kife a kai. Ya ɗaga farantin sama yana tambayata mene ne wannan. Na ce murfi ne mana. Tun yaushe? Na ce tun zuwana. Ya buga farantin da ƙasa.

Yaya Barira ce ta fahimtar da ni. Ashe ruwan ba na sha ba ne, ba kuma na tabarruki ba ne kawai. Na akushin ne. Ƙaron nan ba rana ce take ƙarfafa shi ba, laima ce. Ko a can ƙasarsu a ɗaki mai danshi ake ajiye kowane shafi kafin ya kama. Iskar Makka da na'urar sanyaya ɗaki suna tsotse itacen da ke ciki, ya motse, jan ya tsage. Shi ya sa tun zamanin baban Sitti ake ajiye ruwa a buɗe a gefensa, yana shaƙar tururin a hankali. Ni kuwa na zo na toshe masa hanci.

"Wallahi na sha ganin farantin nan," in ji Yaya Barira. "Har na ce a raina, yarinyar nan mai tsabta ce."

Abu Faisal ya ce babu maganar tafiya. Wai akwai wanda ya daɗe yana neman akushin a hannunsa, yanzu na lalata, sai ya ga yadda za a yi da ni. Sitti kuma ta daina yi mini magana. In na ɗaga ta sai ta kau da kai, in na kai cokali sai ta buɗe baki ba ta ce komai ba. Gidan da dama kurkuku ne, yanzu ya zama kurkukun da ba a gaisawa. Yaya Barira ta raɗa mini cewa in na samu ƙofa a buɗe in gudo wajensu, za su ɓoye ni. Amma ta gaya mini gaskiya: wadda ta gudu ba takarda, in an kama ta, tana iya yin watanni a tsare kafin a sa ta a jirgi. Ko ta ina na duba, yarinyar nan za ta haihu ba ni.

Haka kuwa aka yi. Wata safiya ina tsefe wa Sitti kai sai saƙo ya shigo. Na danna. Kukan jariri ne, sai guɗa, sai muryar maƙwabciyata Iya Abu tana cewa an samu mace, uwa da 'ya lafiya, kada in damu ita za ta yi wankan. Iya Abu! Matar da ko ruwan shayi ba ta bari ya tafasa.

Ban san lokacin da na ajiye matajin ba. Na zagayo gaban Sitti na durƙusa, na yi mata Hausa tiryan-tiryan. Na ce, "Ke tsohuwar nan, ki ji tsoron Allah! Kwano ne fa ya tsage. Kwano! Na wanke ki, na ɗauke ki, kashinki ban taɓa yamutsa fuska a kansa ba. Ubanki ya mutu bai ga uwarsa ba, shi ne ni ma kuke so in mutu a nan? Shi akushin kuna ba shi ruwa kullum don kada ya ji baƙunta. Ni wa ya ba ni?" Na yi ta yi har numfashina ya sarƙe. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ji kukan jaririn, don ta ce in sake danna mata. Na danna. Ta ce in sake.

Da Juma'a ta zo, Sitti ta sa Yaya Barira ta zauna, ta ce sai an gaya mata abin da na ce, duka. Ni na san Yaya Barira ta rage, don maganata ta fi abin da ta faɗa tsawo. Sitti ta tambayi mene ne wannan wanka, aka gaya mata. Sannan ta yi magana a hankali, Yaya Barira ta dube ni kafin ta juya.

"Ta ce duk bukran nan da ɗanta yake yi miki, ita ce ta sa shi. Tun kafin akushi ya tsage. Ta ce ba wadda ta taɓa ɗaga ta ba ta ji zafi ba sai ke."

Raina ya ɓaci, tausayinta kuma ya kama ni, duka a lokaci ɗaya.

Sitti ta ce a miƙo akushin. Ta bi tsagar da farce, sai ɗan ɓallin da ya ɗago ya ɓalle ya faɗo a cinyarta, bai fi ƙwayar kankana ba. Ta laluba ta ɗauka ta sa a tafina. Na kai shi wajen taga. A gefensa ana ganin shafin nan ɗaya bisa ɗaya, sirara, ba su ƙirguwa, can ƙasa ga layin baƙi. Ta naɗe yatsuna a kansa, ta yi wata magana har da ɗan murmushi.

"Ta ce ke komai rufewa kike yi," in ji Yaya Barira. "Ruwa ki rufe, baki ki rufe, sunan 'yarki ma ki rufe. Ta ce ki tafi."

Da yamma na ji ta da ɗanta. Shi yana ɗaga murya, ita ba ta ɗaga ba. Ban san me ta gaya masa ba, amma washegari bai ce bukra ba. Sai dai takarda ba ta san ana sauri ba. Aka nemo wadda za ta maye gurbina, na koya mata yadda ake ɗaga Sitti ta ƙarƙashin hammata, na kai ta gaban durowa na nuna mata kofin, na yi mata alama da hannu har sau uku: a buɗe. Ranar tafiyata Sitti ta shafa fuskata da yatsun nan nata, goshi, hanci, haɓa, yadda take bin furannin.

Na iso gida da hantsi. Yara suka rufe ni da ihu, ni kuwa idona yana bayan ɗaki. Duwatsun murhu uku suna nan, tokar ta yi sanyi har kaji sun barbaza ta, an kife babbar tukunya a jikin katanga. An yi arba'in, an mai da yarinyar nan ɗakinta tun makon da ya wuce.

Ko mayafi ban sauya ba. Na sa almakashi na yanko darbejiya a ƙofar gida, na ɗora tukunyar a ka, na nufi unguwarsu mijinta, mutane suna yi mini sannu da zuwa ina amsawa ban tsaya ba.

Tana zaune a tabarma tana ba 'yar nono. Ta rame. Ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Inna. Ai an gama."

"Nasu aka gama," na ce. "Ina itacenku?"

Uwar mijinta ta fito tana cewa haba Hajiya, ki huta mana, wa ya taɓa yin wankan jego bayan arba'in? Na ce yau za a fara. Na haɗa wuta, na jira ruwan ya tafasa sosai, irin tafasar da Iya Abu ba ta da haƙurinta. Na kai bayan ɗaki, na zaunar da yarinyar a kan turmi. Ta juyo mini bayanta, duk ƙasusuwa. Na tsoma ganyen na fyaɗa. Ta ja numfashi. Na sake fyaɗawa. A na uku sai kafaɗunta suka fara rawa, kuma na san ba zafin ruwa ba ne.

"Na yi ta duban ƙofa, Inna," ta ce. "Kullum."

Tururi ya rufe mu, ganyen yana ɗiga a hannuna. Na buɗe baki, na turo sunan nan da ban taɓa kira ba.

"Zulai," na ce.

Ta juyo a firgice tana duban bayana, tana neman wanda ya kira ta.